Tambaya da Amsa: Sarki na kan karaga, mulki na hannun 'yan siyasa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu ɗaya, kamar masu su sun haɗa baki: ƙasashen da ke da sarki, ga kuma majalisa da zaɓe. Na tsamo shida daga ciki. Wasu na rage musu tsawo, masu su a yi mini haƙuri.

Tambaya: Malam, sannu da aiki. Ni ɗalibi ne, ina karanta kimiyyar siyasa. An koya mana cewa a Birtaniya gwamnati ta sarki ce, sojoji nasa ne, kotuna da sunansa suke zama, amma wai ba ya yanke komai sai abin da firaminista ya ce. Ashe ba sarkin jeka-na-yi-ka ke nan ba? Kuma yaya aka yi sarakunan suka yarda aka raba su da iko?

Amsa: Ɗana, babu ranar da suka zauna suka yarda. Da kaɗan-kaɗan aka zare musu, kuma kusan duk lokacin da aka zare wani abu, sarkin ne ya fara gwada ƙarfinsa, ya tarar ƙarfin bai kai ba.

Fara daga 1642. Sarki Charles na ɗaya ya shiga zauren majalisar wakilai da kansa, ɗauke da dakaru a bayansa, zai kama 'yan majalisa biyar. Ya tarar sun sulale. Yaƙin basasa ya biyo baya, a 1649 aka sare masa kai. Har gobe, ranar buɗe majalisa, idan manzon sarki ya zo kiran wakilai sai a banko masa ƙofa a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe. Mai kallo a talabijin zai ɗauka wasa ne. Tuni ne ake yi wa fada, shekara bayan shekara.

A 1688 aka kori Sarki James na biyu, aka kawo William da Mary, sai dokar 1689 ta gindaya sharuɗɗa: sarki ba zai jingine doka ba, ba zai ɗora haraji ba, ba zai riƙe rundunar soja a lokacin zaman lafiya ba, sai da yardar majalisa. In kana neman inda gizo ke saƙa, to ga shi nan, wajen kuɗi. Wanda lalitarsa ke hannun wasu dole ya nemi ministan da waɗannan mutane za su saurara. Da haka Robert Walpole ya riƙe gwamnati daga 1721 zuwa 1742, shi ne ake lissafawa firaminista na farko.

Sarki na ƙarshe da ya sallami firaminista don son ransa shi ne William na huɗu, a 1834. Ya kori Melbourne, ya kira Robert Peel. Aka yi zaɓe, Peel bai sami rinjaye ba, cikin 'yan watanni ya ajiye aiki, sarki ya haɗiye fushinsa ya sake kiran wanda ya kora. Sarauniya Biktoriya ta gwada nata salon. A 1839, tana 'yar shekara 19, Peel ya nemi ta sauya wasu daga cikin matan da ke mata hidima a fada, saboda mazajensu da danginsu 'yan ɗaya jam'iyyar ne. Ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi, shi kuma ya fasa kafa gwamnati. Ta ci wannan karon. Amma a 1880, duk da ba ta ƙaunar ko ganin Gladstone, har ta nemi wani ya karɓi muƙamin, jam'iyyar da ta ci zaɓe shi take so, kuma shi ɗin ta naɗa.

Ɗan abin da ya rage ya kai har zamanin Sarauniya Elizabet ta biyu. A 1957 da 1963 jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ba ta da tsarin zaɓen shugaba, sai manya su yi shawara a ɓoye, sarauniya ta kira wanda aka raɗa mata. Naɗin Alec Douglas-Home a 1963 ya jawo surutu har ya shafi fada. A 1965 jam'iyyar ta koma kaɗa ƙuri'a, wannan ƙofa ma ta rufe.

To jeka-na-yi-ka ne? A wajen zartar da hukunci, e, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Tun 1867 marubucin nan Walter Bagehot ya taƙaita abin da ya rage wa sarkin Ingila a abu uku: a shawarce shi, ya ƙarfafa gwiwa, ya yi gargaɗi. Sai dai akwai wani amfani da ɗalibai kan manta. Kujerar da sarki ke zaune a kai, firaminista ba zai taɓa hawanta ba. Komai yawan ƙuri'unsa, shi mai ba da shawara ne, ana kiransa ya zo, ya rusuna, kuma sojoji ba da sunansa suka yi rantsuwa ba. Wasu na ganin wannan kaɗai ya isa dalilin riƙe sarauta. Wasu kuma na cewa zaɓaɓɓen shugaba marar iko, irin na Jamus ko Ayalan, yana yin wannan aikin ba tare da gado ba. Ni ina ganin hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a takarda, amma ƙasashe ba da takarda kaɗai suke tafiya ba.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce. Wata ɗalibata ta tambaye ni abin da na kasa amsawa. Idan majalisa ta zartar da dokar da ta saɓa wa imanin sarki, zai iya ƙin sa hannu?

Amsa: Malama, ki gaishe mini da wannan ɗaliba, ta taɓo wurin da ke ciwo.

A Birtaniya rabon da a ƙi sa hannu a kan ƙudirin majalisa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne, a kan wata dokar mayaƙan sa-kai ta Sikotlan. Ko wannan ma ministocinta ne suka ba ta shawarar ta ƙi. Sama da shekara 300 ke nan. A rubuce ikon yana nan, amma ya zama kamar takobin da ya yi tsatsa a cikin kube.

Labarin da ya fi dacewa da tambayarki a Beljiyam ya faru, a 1990. Majalisa ta amince da dokar sassauta hukunci kan zubar da ciki. Sarki Baudouin mutum ne mai riƙo da ɗariƙar Katolika, kuma shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Ya rubuta wa firaminista Wilfried Martens cewa zuciyarsa ba za ta bar shi ya sa hannu ba, amma kuma ba ya son ya tare wa majalisa hanya, don haka a nemo mafita. Tsarin mulkin ƙasar yana da wani sashe da ya yi tanadin abin da za a yi in sarki ya kasa gudanar da mulki, wanda da ma don ciwo ko tsarewa aka yi shi. Sai majalisar ministoci ta ayyana cewa sarki ya kasa. Ministoci suka rattaba hannu a madadinsa, doka ta tabbata, ranar 5 ga Afrilu majalisu biyu suka zauna tare suka ce sarki ya dawo. Kwana ɗaya da rabi ƙasar ta yi a haka.

Wasu lauyoyi sun kira abin dabara, wasu sun kira shi wasa da tsarin mulki. Ni abin da ya tsaya mini shi ne sarkin bai ce a janye dokar ba. Hannunsa kawai ya janye.

Maƙwabtansu na Lukzambag ba su yi wannan lallashin ba. A ƙarshen 2008 mai sarautar ƙasar, Henri, wanda Baudouin kawunsa ne, ya ce ba zai amince da dokar da ta halatta wa likita taimaka wa marar lafiyan da ya fid da rai ya mutu ba. Gwamnatin Jean-Claude Juncker da majalisa suka gyara tsarin mulki, aka cire buƙatar amincewarsa gaba ɗaya, aka bar masa shelanta doka kawai. Sau ɗaya ya ɗaga ikon, ya rasa shi har abada. A Suwidin kuwa tun da sabon tsarin mulki ya fara aiki a 1975 sarki ba ya sa hannu a doka ko ɗaya, gwamnati ce ke sawa.

Ki gaya wa ɗalibar akwai wadda ta fita zakka a Turai, ƙaramar ƙasar Liechtenstein, mai mutane wajen 40,000. Yarimanta yana da ikon hawa kujerar naƙi da gaske, kuma da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2012 don a rage masa, kusan kashi 76 cikin ɗari suka ce a bar masa abinsa.

Tambaya: Me sarkin Ingila da firaminista suke tattaunawa a ganawar da suke yi duk mako?

Amsa: Su biyu ne kaɗai a ɗakin, babu sakatare, babu rubutu, kuma al'ada ta hana kowannensu fitowa ya faɗa. Amfanin ganawar ma a nan yake. Firaminista yana kewaye da mutanen da kowa ke hangen kujerarsa, sai ga mutum ɗaya da ba ya neman komai a wurinsa, wanda kuma kullum yake karanta takardun gwamnati da ake kai masa cikin jajayen akwatuna. Elizabet ta yi aiki da firaminista 15. Na farkonsu, Winston Churchill, an haife shi a 1874, ta ƙarshe, Liz Truss, a 1975. Ta naɗa Truss ranar 6 ga Satumba 2022, bayan kwana biyu ta rasu.

Sirrin yakan ɗan zuba. A 1986 jaridar Sunday Times ta ruwaito cewa sarauniya ba ta jin daɗin yadda Margaret Thatcher ta ƙi ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi, fada ta musanta. A 2014 makirfo ta kama David Cameron yana ba wani labarin irin murnar da sarauniya ta yi a waya da Sikotlan ta ƙi ɓallewa, dole ya nemi afuwa.

Ɗanta Sarki Charles na uku kuwa tun yana yarima ya yi suna wajen rubuta wa ministoci wasiƙu. Jaridar Guardian ta yi shekara goma tana shari'a kafin a fitar da 27 daga ciki a 2015. Da ya hau karaga sai ga bambanci: mutumin da ya shafe rayuwarsa yana magana kan muhalli bai je taron sauyin yanayi na Masar a 2022 ba, saboda gwamnati ba ta so. A shekara ta gaba, da yardar gwamnati, ya je na Dubai ya yi jawabi.

Kada dai a ɗauka fada ba ta da hannu ko kaɗan. Akwai wata ƙa'ida da ta ce duk ƙudirin da ya taɓa ikon sarauta ko dukiyarta sai an nuna wa fada kafin majalisa ta kammala shi. Binciken Guardian na 2021 ya ƙirga dokoki sama da 1,000 da suka bi ta wannan hanya. A ganina wannan ya fi ganawar mako-mako cancantar a sa masa ido, don a nan sarki yana da abin karewa na kansa.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne, na haura saba'in. Ban yarda da wannan shirun da ake yabon sarakunan Turai da shi ba. Sarki uba ne. In 'yan siyasa suka kama hanyar jefa ƙasa a rami, ya zuba ido ya ce tsarin mulki ya hana shi magana? Ai na tuna sarkin Sifaniya ya hana juyin mulki shi kaɗai.

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Ka tuna daidai, ni ma ina saurayi na ji labarin a rediyo. Ranar 23 ga Fabrairu 1981 wani hafsa mai suna Antonio Tejero ya kutsa majalisar dokoki a Madrid da jandarmomi wajen 200, ana tsakiyar kaɗa ƙuri'ar tabbatar da sabon firaminista. Aka yi harbi sama, aka tsare 'yan majalisa da ministoci. A birnin Balensiya wani janar ya fito da tankokin yaƙi kan titi. Sarki Juan Carlos ya kwana yana buga wa kwamandoji waya, bayan ƙarfe ɗayan dare ya bayyana a talabijin cikin kakin soja, ya ce sarauta ba za ta lamunci a katse tsarin mulkin da jama'a suka zaɓa ba. Washegari masu juyin suka miƙa wuya.

Zan ƙara maka da wani. A Afrilun 1940, da Jamus ta mamaye Norwe, jakadanta ya nemi Sarki Haakon na bakwai ya naɗa Vidkun Quisling, ɗan Norwe mai goyon bayan Jamusawa, shugaban gwamnati. Sarki ya tara ministocinsa ya ce hukunci nasu ne, amma in suka zaɓi miƙa wuya shi zai yi murabus, don ba zai naɗa mutumin da jama'a da majalisa ba su yarda da shi ba. Gwamnati ta bi bayansa.

Amma ranka ya daɗe, dubi wa waɗannan sarakuna biyu suka tsaya wa. Duka biyun zaɓaɓɓun wakilai suka kare daga masu bindiga. Abin da kake nema kuwa shi ne sarki ya tsawata wa zaɓaɓɓun da kansu, ya ce ya fi su sanin abin da ya dace da ƙasa. An gwada wannan, kuma ga yadda ta kaya.

A Danmak, 1920, Sarki Christian na goma ya sallami firaminista Zahle saboda saɓani kan iyakar ƙasar da Jamus. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aikin gama-gari, mutane suka cika harabar fada, aka fara kiran jamhuriya. Cikin kwanaki ya ja da baya, kuma daga shi har magadansa babu wanda ya sake. Shi ya tsira da rawaninsa. Sarki Constantine na Girka, yana ɗan shekara 25, ya yi rigima da firaminista Georgios Papandreou a 1965 kan wa zai riƙe ma'aikatar tsaro. Papandreou ya sauka, sarki ya dinga ƙulla gwamnatoci da 'yan tawayen jam'iyyarsa, ƙasa ta rikice, sojoji suka karɓe mulki a 1967, shi kuma ya rantsar da su. Da ya yunƙura zai kifar da su a ƙarshen shekarar ya kasa, ya tsere Roma. A 1974 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce ba sa son sarauta. A Nepal, Sarki Gyanendra ya kori gwamnati a Fabrairun 2005 ya riƙe mulki da kansa, yana cewa 'yan siyasa sun kasa murƙushe 'yan tawaye. Ba ƙarya ya yi musu ba, sun kasa. Amma abin da ya samu shi ne 'yan siyasar da 'yan tawayen suka haɗe masa kai, a 2008 aka soke sarautar da ta kai shekara 240.

Sannan wa ya ba mu tabbacin uban zai zaɓi daidai? A Oktoban 1922 gwamnatin Italiya ta kawo wa Sarki Victor Emmanuel na uku takardar dokar ta-ɓaci don a tare 'yan fasist da ke tunkarar Roma. Ya yi amfani da hankalin kansa, ya ƙi sa hannu, ya kira jagoransu Mussolini ya ba shi gwamnati. Italiyawa ba su manta ba, a 1946 suka kaɗa ƙuri'a suka sallami gidan sarautar.

Shi kansa Juan Carlos, jarin da ya tara a daren 1981 ya ci shi sama da shekara talatin, sannan ya ƙare. Farautar giwa a Botswana a 2012, alhali talakawansa na fama da rashin aiki, ta zubar masa da ƙima. Ya yi murabus a 2014, a 2020 ya koma Abu Dabi da zama ana binciken dukiyarsa. Ɗansa Felipe ya gwada irin jawabin mahaifinsa ranar 3 ga Oktoba 2017, ya yi tir da shugabannin yankin Kataloniya masu neman ɓallewa. A Madrid an yaba masa. A Kataloniya da yawa sun ce ya zaɓi ɓangare, bai ko jajanta wa waɗanda 'yan sanda suka daka ba. Ina girmama ra'ayinka, ranka ya daɗe, amma ban bi ka ba a nan.

Tambaya: Malam, a 2019 kotu ta ce rufe majalisar Birtaniya da aka yi haramun ne, alhali sarauniya ce ta ba da umarnin. Me ya sa ba ta ƙi ba tun farko?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar ta nuna yadda zamani ya juya. A da, tsoron da ake yi shi ne sarki ya danne 'yan siyasa. Yanzu abin tsoron shi ne ɗan siyasa ya ari hannun sarki ya yi abin da majalisa ba za ta bar shi ya yi ba. Tsofaffin ikokin sarauta, irin su ɗage zaman majalisa, ba su mutu ba. Hannun firaminista suka koma.

A ƙarshen Agustan 2019 Boris Johnson ya shawarci sarauniya ta ɗage zaman majalisa na mako biyar, daidai lokacin da wa'adin ficewa daga Tarayyar Turai ke ƙaratowa. Ya ce shirin sabon zango ne. 'Yan adawa suka ce fakewa da guzuma ce a harbi karsana. Aka aika ministoci Balmoral, gidan sarauniya a Sikotlan, ta amince. Gaba kura baya sayaki: in ta ƙi, ta yi watsi da shawarar firaminista, abin da ba a gani ba a zamanin nan. In ta yarda, an ci albasa da bakinta. Ta bi ƙa'ida ta yarda. Ranar 24 ga Satumba alƙalan kotun ƙoli 11 suka haɗu baki ɗaya cewa shawarar ta saɓa wa doka, kashegari majalisa ta koma zama. Lura da cewa shawarar aka hukunta. Kotu ta ɗora laifin a kan mai ba da ita.

Da ma yarjejeniyar mai fuska biyu ce. Sarki ba zai sa baki a siyasa ba, 'yan siyasa kuma ba za su tura shi inda dole ya zaɓa ba. A 2010, da zaɓe bai ba kowa rinjaye ba, an kiyaye wannan: firaminista Gordon Brown ya zauna a ofis kwana biyar har jam'iyyu suka daidaita, sannan sarauniya ta kira Cameron. Wanda ke son ganin abin da ke faruwa in wakilin sarauta ya zaɓa da kansa ya dubi Ostireliya, inda Gwamna-Janar ke wakiltar sarautar Birtaniya. Ranar 11 ga Nuwamba 1975 Gwamna-Janar John Kerr ya kori firaminista Gough Whitlam, wanda ke da rinjaye a majalisar wakilai, saboda majalisar dattawa ta riƙe kasafin kuɗi. Har yau ba a gama gardamar ba.

Wasu ƙasashen sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta. A Holan, majalisa ta yanke a 2012 cewa ita za ta riƙa jagorantar kafa gwamnati, aka cire fada daga ciki. A Suwidin kakakin majalisa ne ke gabatar da firaminista.

Sai dai abin ba kullum gangara yake yi ba. Inda jam'iyyu suka tarwatse, sarki yakan farfaɗo ko bai nema ba. Beljiyam ta yi kwana 541 babu cikakkiyar gwamnati tsakanin 2010 da 2011, Sarki Albert na biyu ne ya yi ta naɗa masu shiga tsakani ɗaya bayan ɗaya. Misalin da ya fi burge ni shi ne Maleshiya, inda sarakunan jihohi tara ke karɓa-karɓar sarautar ƙasa duk shekara biyar. Firaminista Mahathir Mohamad ne ya yi ta datse musu fiffike lokacin mulkinsa na farko: a 1993 aka cire musu rigar kariya daga shari'a, a 1994 aka ce ƙudiri zai zama doka bayan kwana 30 ko sarki bai sa hannu ba. Sai ga shi a Fabrairun 2020 Mahathir ɗin ya yi murabus, ƙawancensa ya watse, Sarki Abdullah ya dinga kiran 'yan majalisa fada yana tambayar kowa wa yake goyon baya. Da ya gama, Muhyiddin Yassin ya naɗa, Mahathir yana ji yana gani. A Oktoban shekarar ya ƙi amincewa da buƙatar Muhyiddin ta kafa dokar ta-ɓaci. Kafin wa'adinsa ya cika ya naɗa firaminista uku, na ƙarshensu Anwar Ibrahim a 2022. Babu harafi ɗaya da aka ƙara masa a tsarin mulki. 'Yan siyasa ne suka kasa ƙirga kansu, suka kawo masa ƙirgar.

Tambaya: Maroko da Tailan da Japan duk ana ce musu masu sarauta ƙarƙashin tsarin mulki. Ɗaya suke da Birtaniya?

Amsa: 'Yar'uwa, suna ne ya zo ɗaya. A Maroko tsarin mulkin 2011, wanda zanga-zangar shekarar ta haifar, ya wajabta wa sarki ya naɗa shugaban gwamnati daga jam'iyyar da ta zo ta ɗaya. Ci gaba ne. Amma sarki ne ke shugabantar majalisar ministoci, shi ne kwamandan askarawa, shi ne Amirul Muminina. A 2017, da shugaban gwamnati Abdelilah Benkirane ya yi wata biyar bai iya haɗa gwamnati ba, Sarki Muhammad na shida ya ɗauke shi ya ɗora wani daga jam'iyyarsa.

Tailan ta bar mulkin sarki mai cikakken iko tun 1932, amma fada da soja sun fi majalisa nauyi. A 1992, bayan sojoji sun harbe masu zanga-zanga, duniya ta ga firaminista Janar Suchinda da jagoran masu adawa durƙushe gaban Sarki Bhumibol yana musu faɗa, kwanaki kaɗan janar ɗin ya sauka. Sashe na 112 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma jam'iyyar da ta fi kowa kujeru a zaɓen 2023 kotu ta rushe ta a 2024 saboda ta nemi a gyara wannan sashe.

Japan tana can ɗaya ƙarshen. Tsarin mulkin 1947 ya kira sarki alamar ƙasa, ya ce ba shi da wani iko da ya shafi gwamnati. Abin ya kai ga Sarki Akihito, da tsufa ya cim masa, bai iya fitowa fili ya ce yana son sauka ba, domin doka ba ta tanadi murabus ba, kuma neman a sauya doka shiga siyasa ne. A Agustan 2016 ya yi wa jama'a jawabi ta talabijin, ya yi maganar shekarunsa da raunin jikinsa da tsoron kada ya kasa sauke nauyin da ke kansa, kalmar murabus ba ta fito daga bakinsa ba. Hannunka mai sanda ya yi, aka kuma gane. Majalisa ta yi doka a 2017 wadda ta shafe shi shi kaɗai, ya sauka ranar 30 ga Afrilu 2019, yana da shekara 85.